Shekarar da Kwamfutarmu Ta Rage Azumi

Ku da kuke zaune da kwamfuta a cinya kuna taunar cingam, tana ja muku jan layi tun ba ku gama kuskuren ba, ku ne za ku ce mini aikin nan ba wuya? Jiya na ji ɗayanku yana zagin kompaila, wai ta cika mita. Mita! To ku gyara zama. Ni na yi aiki da kompailar da ba ta mita, kuma saura ƙiris ta raba ni da abincina da sunana a garin ubana.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina buga wa mutane takardu da tafireta a bakin kotu, da aurena da 'yata ɗaya, sai na ji an ce Malam Tanimu ya ajiye aikin gwamnati ya kawo kwamfuta zaurensa a Ƙofar Jatau. Na je kallo, ban koma bakin kotu ba. Inji ɗaya ne, allonsa kore, ana lulluɓe shi da zanen atamfa in an tashi. Firintar kuwa in tana aiki sai awakin maƙwabta su yi ta amsa mata. Malam dogo ne, ba ya dariya kafin azahar, kuma ba a taɓa injin sai an wanke hannu. Aikinmu sakamakon jarrabawar makarantu, jerin sunayen 'yan ƙungiya, da katin gayyatar biki wanda mai shi yake so a ce kwamfuta ce ta yi.

Bari in faɗa muku abin da kuke amfani da shi kullum ba ku san shi ba. Kompaila tafinta ce. Kai ka rubuta abin da kake so da yaren C, ita ta juya shi zuwa abin da inji yake ji. Akwai kuma ƙananan ayyuka da aka riga aka rubuta aka ajiye, muna ce musu fankishin. Wannan ya ƙirga haruffa, wancan ya fitar da rubutu a allo, wani ya yi lissafin kusurwa. Kira kawai za ka yi ya zo. Amma kafin ka kira shi sai ka gabatar da shi: sunansa wane, abin da ake ba shi kaza, abin da yake dawowa da shi kaza. In cikakkiyar lamba yake kawowa, irin uku ko goma, ka rubuta int. In mai ɗigo ce, irin rabi ko ɗaya da kwata, ka rubuta double. Tamu kompailar duk abin da ka faɗa mata ta yarda. Ka ce mata akuya ce direban motar Kaduna, za ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Waɗannan gabatarwar a kan wani faifai suke zuwa, ba wanda yake rubuta su da hannu. Mu ne kaɗai. Tun kafin in zo, wani surukin Malam ya kawo ziyara daga ƙauye ana tsakiyar zafi, ya ga faifan a kan tebur, baƙi, faffaɗa, mai laushi, ya ɗauka yana fifita da shi. Da ya gama ya kashe ƙuda biyu da shi, ya ninke shi ya tokare ƙafar benci. Malam bai iya yi wa suruki faɗa ba. Sai ya tafi laburaren jami'a a Samaru, inda akwai littafi guda da ba a ba da aronsa, ya yi kwana uku a tsaye yana kwafe gabatarwar nan cikin wani littafi mai baƙin bango. Shafi tamanin da huɗu.

Wannan littafin shi ne koyon aiki a wurinmu. Wata biyu na yi ban kunna inji ba. Na kwafe shi kaf a nawa littafin, sannan na durƙusa ina karantawa da ƙarfi Malam yana bi da yatsa, kamar yadda aka yi mana a makarantar zaure. Sai da na sauke ya bar ni na buga shi a inji. Ya kuma kafa mini doka: kowace safiya zai gwada abin da ke cikin inji da abin da ke littafi, in ya ga harafi ɗaya ya sauya, in kama hanya. Ku ba za ku gane ba. A cikin ganuwar birninmu ba a gyara rubutun malami. Ko ka ga kuskure da idonka, idon ne zai je asibiti.

Aikin da ya jawo mini bala'in ya zo ana saura kwana goma azumi, azumin kuma ya faɗo cikin bazara. Alhaji Ɗalhatu mai sukari ya shigo da babbar riga yana haki, ya ce yana son jadawalin sahur da buɗa-baki na wata guda, zai buga ya raba sadaka, da sunan shagonsa a ƙasa, a sama kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kwamfuta ce ta lissafa. Malam ya miƙo mini aikin, karo na farko da aka ba ni aiki ni kaɗai. Na samo ƙa'idar lissafin fitowar rana da faɗuwarta a wani littafin makaranta, na yi kwana shida a kai. Cikin lissafin akwai wani fankishin mai suna sin, na kusurwa, wanda ba mu taɓa kira ba, don sakamakon jarrabawa ba ruwansa da kusurwa.

Ranar da na gama, firinta ta fara ihu, Alhaji yana tsaye a kaina. Na duba layin farko, faɗuwar rana shida da rabi da 'yan mintoci. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka. Daɗi ya kama ni. Sai wutar lantarki ta fara lumshe ido, na juya da sauri in kashe inji, kafin in waiwayo Alhaji ya yage takardar ya cusa a aljihu ya hau babur sai wurin masu ɗab'i. Lokutan kuwa irin na sojoji na sa, 18:34 da makamantansu, don ya fi kama da aikin kwamfuta. Alhaji bai iya karanta su ba, shi ya sa ya ƙara yarda da su.

Kwana huɗun farko ni ne sarki. Har Alhaji ya sa Baba Ladan, tsohon da ya shekara talatin yana kiran salla a masallacin unguwa, ya ajiye dubansa na sama ya riƙa bin takarda. Rana ta biyar ina dawowa daga la'asar na tarar da taro a ƙofar masallaci. Baba Ladan yana riƙe da takarda a hannun dama, yana kare ido da na hagu yana kallon rana, ita kuma tana can sama tana gasa mutane.

Ya ce, "Alhaji, wannan yaron makarantar ya karanta mini, wai yau ƙarfe huɗu da minti sha shida za a sha ruwa."

Alhaji ya ce, "To, ƙarfe nawa yanzu?"

"Huɗu da kwata."

"Ai sai ka fara gyara murya."

"Ranar fa?"

"Baba, kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ita ranar ce take yi?"

Alhaji ya ɗaga kai ya dube ta da kyau, kamar mai neman inda aka yi mata ha'inci. Ya ce wataƙila ta makara ne. Baba Ladan ya ninke takardar ya sa a hula, ya ce shi dai ba zai kira magariba inuwarsa ba ta ko kai bango ba, wanda yake so ya kira ga lasifika nan. Ba wanda ya sha ruwa, alhamdu lillahi, mutanenmu ba mahaukata ba ne. Amma nan take aka bi sauran ranakun ana karantawa da ƙarfi. Rana ta takwas shan ruwa sai tara saura kwata na dare. Rana ta sha tara kuwa, alfijir sha biyu da rabi na rana, faɗuwar rana sha biyu da rabi na rana. Azumin da kafin ka gama niyya an sha ruwa. Wani ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ina bayan taro ina fatan ƙasar ta tsage in shige.

Washegari aka kira mu zauren Liman, ni da Malam da Alhaji. Alhaji yana kumfar baki, wai sunan shagonsa yana ƙarƙashin takardar da ta rage wa Musulmi azumi, tun daga Tudun Jukun har Kufena. Liman ya tambayi Malam daga ina ɓarnar take. Malam ya ɗora hannu a kan baƙin littafin ya ce, "Allah gafarta Malam, inji ba ya kuskure, littafin nan kuma da hannuna na rubuta shi. Abin da ya rage shi ne wanda ya yi lissafin." Duk suka juyo kaina. Da muka fito ya ce mini, "Garba, kwana bakwai. Ko ka gano inda ka yi shirme, ko ka koma bakin kotu." Kafin magariba an raɗa mini suna Garba Rangwame. Wallahi na ji zafin sunan nan, don har gida ya bi ni, matata ta daina zuwa rijiya da rana.

Masu zuwa shago kuwa ba su ragu ba, irinsu ne ya sauya. Wani manomi ya taka keke tun daga Kufena, ya yi sallama a hankali ya ce ya ji akwai rana mai sauƙi a takardarmu, ko za a iya ƙara masa irinta guda uku, don yana sharar gona. Iya mai ƙosai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi, ta ce in faɗa mata gaskiya tsakani da Allah ƙarfe nawa za ta ɗora kasko, tunda ni na karɓi ragamar rana.

Daren farko ban yi komai ba, barci na yi, don kaina ya toshe. Da safe Malam ya tafi jana'iza, sai na ɗauko tsohon littafin teburin lissafi na sakandare. Sin na kusurwa talatin rabi ne, ko ɗan aji uku ya sani. Na tambayi inji, ya ce uku. Na sake tambaya, ya ce sifiri. Na buɗe gabatarwar da na buga daga littafin Malam, na bi da yatsa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, an gabatar da sin da int.

Kun ga abin da yake faruwa? Shi sin yana yin aikinsa daidai, ya zuba amsa mai ɗigo a babban kwano ya ajiye. Ita kompaila an ce mata amsar tana cikin ƙaramar moɗa. Sai ta leƙa moɗar, duk guntun abin da wani ya bari a ciki ta ɗauko ta miƙo maka da ladabi. Kwana huɗun farko sa'a ce kawai ta sa guntun ya yi kusa da gaskiya. Na goge int na sa double, na kunna. Jadawali ya fito tas, kwana talatin, rana tana faɗuwa lokacin da mutane suka saba ganin ta faɗi. Na zauna ina kallonsa. Sai na ji tarin Malam a waje, na yi wuf na mayar da int inda yake, na yayyage takardar na cusa a aljihu.

Kwana biyar ina wannan hauka. Malam na fita in gyara in kalli gaskiya, yana dawowa in mayar da ƙarya in zauna ina dafe kai kamar mai nema. In na kawo jadawali mai kyau zai tambayi yadda na yi. In na faɗa, na ce malamina ya yi kuskure, bayan ya dafa littafi a gaban Liman. In na yi shiru, ranar bakwai in ɗauki tafireta. Sau uku ina buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne, "Malam, ko a kunna fanka?"

Akwai 'yar wan babana, Yaya Rabi, tana aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a. Na je mata da kukana, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce an kawo musu sabuwar kompaila, in kawo Malam kawai, kada in ce komai. Na koma na ce wa Malam ni dai na gaza, amma ko za mu gwada a babban inji ya nuna mana shirmena. Wannan ya yi masa daɗi. Ya sa rigar Juma'a, ya rungumi littafinsa, muka hau bas zuwa Samaru da ƙishirwarmu.

Yaya Rabi ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera, ta sa faifan da na kwafo aikinmu a ciki. Ba a yi daƙiƙa goma ba inji ya tofo layi ɗaya na Turanci. Malam ya gyara tabarau ya karanta. Ma'anarsa, gabatarwar da aka yi wa sin a layi kaza ta saɓa da wadda na sani.

Malam ya ce, "Wadda ta sani? A ina ta san shi?"

Yaya Rabi ta ce, "Baba, wannan ba irin taku ba ce. Akwai fankishin kamar goma sha biyar da aka fi kira, waɗanda suka gina ta sun sa mata su a ka. In ka gabatar da ɗaya, sai ta gwada naka da nata: suna, abin da ake ba shi, abin da yake dawowa da shi. In sun dace ta yi shiru. In ba su dace ba ta faɗa."

"Wa ya tambaye ta?"

"Ba a tambayarta, Baba. Faɗa kawai take yi."

"Ba ta da kunya ke nan."

"Ko kaɗan."

"Shekararta nawa?"

"Ba ta fi biyu ba."

Malam ya dube ni kamar ni na haife ta. Ya ce a sake. Aka sake, ta maimaita, ko harafi ba ta sassauta ba. Ya ce to ta gyara mana tunda ta fi kowa sani. Yaya Rabi ta ce ba ta gyarawa, gargaɗi kawai take yi, in ka nace sai ta bi naka ta bar ka da abin da ka jawo. Ya tambaya, waɗanda ba ta haddace ba fa? Ta ce a nan ita ma kamar tamu take, duk abin da ka ce ta yarda. Malam ya buɗe littafinsa a shafin, ya daɗe yana kallo. Sannan da yatsansa guda, a hankali, ya goge int ya buga double. Firintarsu ta fitar da jadawalin. Ya karanta kwana talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi, bai tsallake ko ɗaya ba. Yaya Rabi ta buga masa gabatarwar gaba ɗaya, ta asali, ta naɗe ta ba shi. Ya karɓa ya haɗa da littafinsa.

A cikin bas yana rungume da su. Ni kuwa ina ta lissafin inda zan samu sabon ribbon, zaren tawada, na tafireta. Muna sauka bai nufi gida ba, sai masallaci, ana idar da la'asar. Ya jira aka shafa addu'a, ya miƙe a gaban Liman da Alhaji da Baba Ladan da duk masu kirana Rangwame, ya ce, "Jama'a, takardar nan hannun Garba ne ya buga ta, amma ni na faɗa wa inji ƙarya ya yarda. Kuskuren a littafina yake. Na ɗora wa yaron nan laifi a gabanku, a gabanku nake sauke masa." Ni kuwa kuka ya taho mini, na sunkuyar da kai ina murza ido kamar abu ya faɗa.

Abin ya ci shi, kada ku ɗauka wasa ne. Makarantu biyu suka janye aikinsu, wai in mai shagon ma yana yi wa inji ƙarya ina ga yaransa. Alhaji bai sake buga jadawali ba, ya koma raba sukari. Har bayan babbar salla muna wuni mu lulluɓe inji ba mu buga ko katin suna ba. Ita ce muguwar shekararmu.

Amma a ranar, da muka fito daga masallaci, sai da muka kai bakin zaure ya tsaya ya juyo.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Malam, inji ne ya..."

"Inji bai san hanyar Ƙofar Jatau ba. Tun yaushe?"

"Kwana biyar."

"Kwana biyar ana kiranka Rangwame, matarka ba ta zuwa rijiya, kana tambayata ko a kunna fanka?"

Bai jira amsa ba. Ya zaro jan biro daga aljihu, ya haɗa da baƙin littafin da naɗin takardar Yaya Rabi, ya danƙa mini.

Ya ce, "Waccan marar kunyar sha biyar kacal ta sani. Saura shafi tamanin da uku da rabi, kuma a tsaye na rubuta su. Ka bi su layi layi. In ka samu wani kuskuren, kada ka ƙara jana Samaru da azumi a bakina. Ka faɗa mini da bakinka."

Na samu uku. Na farkon, sai da na kwana biyu ina zagaye teburinsa kafin in iya faɗa. Yana jina, bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba, sai da na kai ƙarshe. Sannan ya turo mini littafin ya ce, "Rubuta a gefe. Ka sa sunanka."